Darasi na 14: Takardar da ke liƙe da shafi

Wata yarinya ƴar ajin jarrabawa tana zaune a Filinge, cikin ƙasar Kurfai. An sa jadawalin jarrabawarsu a wani shafi na intanet. Ta ari salular yayanta, ta taɓa sunan takardar. Takardar ba ta buɗe ba, sai salula ta ajiye ta. Bayan kwana uku aka canza ranar lissafi. Yarinyar ta sake taɓawa, salula ta ajiye ta biyu. Da ta tashi dubawa, sai ta buɗe tsohuwar. Ba don ƙawarta ta faɗa mata ba, da ta rasa jarrabawar.

Mi ya kawo haka?

In an ɗora buhun hatsi a mota daga Filinge zuwa Yamai, ana rubutu a jikinsa. Da rubutun ne mai karɓa yake sanin abin da zai yi da buhun. Haka takardar intanet take. Babbar kwamfutar da ke ajiye shafin tana aiko ta da ɗan rubutu a gaba. Mutum ba ya ganin rubutun, amma mabuɗin shafi, kamar Chrome ko Firefox, yana karanta shi.

Layi ɗaya yana faɗin irin takardar: hoto ne, ko sauti, ko PDF, wadda kamfanin Adobe ya fito da ita a 1993. Wani layin yana faɗin yadda za a yi da ita. In an rubuta "attachment", ma'anarsa a ajiye. In an rubuta "inline", ma'anarsa a nuna nan take. An fara tsara wannan ƙa'ida domin wasiƙun intanet a 1995. A 2011 aka sake bayyana ta domin shafuka.

Ke nan gyaran yana hannun mai gina shafin. Sai ya rubuta irin takardar daidai, ya kuma sa kalmar nunawa. In mabuɗin shafin ya iya karanta irin wannan takarda, zai nuna ta. In bai iya ba, dole ya ajiye ta.

Akwai abu biyu na lura. Na farko, ko an nuna ko an ajiye, takardar tana cin kuɗin intanet, domin ta yi tafiya har cikin salula. Na biyu, ba kowace takarda ake nunawa ba. Mugu yana iya ɓoye umarni cikin takarda mai kama da shafi, ya saci sirrin mai karatu. Shi ya sa mai gina shafi yake nuna hoto da jadawali, amma takardar da bai san irinta ba, sai ya sa a ajiye ta.

Abin tunawa: kafin a yi aiki da takardar da aka ajiye, a duba kwanan watanta.

Tambayoyi
1. Don mi yarinyar ta kusa rasa jarrabawa?
2. Wane rubutu ne yake rakiyar takarda?
3. Wa zai iya gyara shafin?
4. Don mi ba a nuna kowace takarda?

Aiki
Ku zana buhu biyu. Ku rubuta "a nuna" a jikin ɗaya, "a ajiye" a jikin ɗayan. A ƙarƙashin kowane, ku jera takardu uku da suka dace da shi.