Kafin Ka Raba Keso, Ka San Abin da Ke Ciki

Jikana, tunda Allah Ya sa maka son lissafi, zauna in faɗa maka yadda magabatanmu na Damagaram suka bi da manyan lambobi. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birnin Zinder da ganuwa, wuri ne kuɗi. Ana ɗura wuri 20,000 a buhun kaba, shi ake kira keso. Matafiyin nan Bajamushe Barth ya iske ana ƙirgar wuri 500,000 a Tasawa a shekarar 1851, keso 25 ke nan. Mai ƙirga yana jan wuri biyar-biyar da yatsu, ashirin ta zama hauya, hauya goma ta zama tsibi na 200. Ko da buhu a ɗaure yake, ɗan kasuwa ba ya karɓa sai an zazzage an ƙirga.

To, dubi 20,000 ɗin nan da kyau. Cika ce, ba mara ba. Raba ta biyu-biyu har sau biyar, za ka sauka a kan 625. Ita kuma 625 biyar ce sau biyar sau biyar sau biyar. Ashe biyu da biyar kaɗai suka gina ta, shi ya sa ta yi daidai da yatsun mai ƙirga. Lambobi 30 ne ke raba ta ba saura. In ka ware ita kanta ka tara sauran 29 ɗin, za ka sami 29,203, sun zarce ta. Malaman hisabi suna kiran irin wannan za'ida. Wadda masu raba ta suka gaza kai ta naƙisa ce, wadda suka yi daidai da ita, kamar 6 da 28, ita ce cikakkiya.

Ga inda nake so ka natsu. Duk girmanta, uku ba ta raba ta. Mutum uku za su ɗauki 6,666 kowanne, wuri biyu su rage a tabarma. A rabon gado sumuni yana fita sumul, 2,500, amma sulusi sai da ɓari. A kan irin wannan ɗan saura ne zumunci ke tsinkewa, domin wanda aka ɓoye wa wuri biyu zai zaci an ɓoye masa dubu.

Yau a Kasuwar Dole har yanzu biyar-biyar muke ƙirga, dala ɗaya sefa biyar ce, 20,000 kuwa jaka ashirin. Saboda haka in an damƙa maka kuɗin adashe ko na marayu, kada yawansu ya ruɗe ka. Fara tambaya mutum nawa za a raba wa, ka gano abin da zai rage tun kafin ka kwance ɗauri. Ka ƙirga a gaban shaidu, ka faɗi sauran da babbar murya, masu haƙƙi su yanke yadda za a yi da shi. Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare hannunka daga haƙƙin mutane.