Idan famfon baƙin mai ya cije bayan haɗa inji

Makanikan Aujara da na garejin Jahun, ga wata matsala da nake yawan gani a Jincheng da Bajaj Boxer. An wanke inji tas, an haɗa, sai famfon baƙin mai ya ƙi juyawa. Don Allah kada a buga kik a ce zai saki da kansa. Haƙoran giyar da ke jan sa ne za su ci, kan silinda ya bushe, aikin kwana biyu ya tashi a banza.

Ciro famfon, ka juya shi da yatsa. Idan yana tafiya sumul sai ka ɗaure murfi ya cije, duba fakin da ke ƙarƙashin murfin. Kaurin takardar nan shi ke ba ƙarafan ciki biyu wurin wulwulawa. Na ga yaron gareji ya yar da ita ya shafa gam, famfo ya kame kamar an yi masa walda. Ɗaure sukurori kaɗan-kaɗan, ɗaya bayan ɗaya, kana juyawa bayan kowanne.

In tun a buɗe yake sarƙewa, nemi yashi. Ƙurar hunturu ba ta raina buɗaɗɗen inji a gindin darbejiya. Wanke da fetur, duba ko sandar ta lanƙwashe. Ratar bakin haƙoran ciki idan ta wuce milimita 0.20, sayi sabo a Dutse.

Zuba mai a ciki kafin rufewa. Da ka tayar, buɗe murfin tafet, ka ga mai ya iso da idonka kafin ka miƙa wa mai babur makulli.