Auren Ɗiyata: Gayya da Goro ko Gayya da Waya?

TAMBAYA

Ni uwa ce daga Dareta, ƙasar Anka. An sa ranar auren ɗiyata bayan kaka. Tana cikin yaran da aka yi wa maganin gubar dalma a 2010, Allah Ya raya mini ita, shi ya sa nake son a yi buki na fita kunya. Yayanta da ke aiki a Kaduna ya ce zai buɗe guruf a WhatsApp, a yi gayya a can, a sa lambar asusu don gudummawa, a kuma ɗauki bidiyo a watsa. Gwaggonninta sun ce wannan raini ne, ba a gayyar babba da waya. Mahaifinta kuma tsoronsa kada labari ya kai kunnen mutanen daji. Maganar wa zan ɗauka?

Uwar amarya, Dareta

AMSA

Uwar amarya, Allah Ya sanya alheri, Ya kai mu ranar lafiya. Wanda ya san abin da ya faru a Dareta, Abare, Bagega da 'Yargalma a 2010, lokacin da ƙurar dutsen zinare da ake dakawa cikin gidaje ta yi ajalin yara fiye da 400, ba zai ga laifinki ba don kin so a taru a yi murna.

Shawarata ki raba musu aikin. Gayya ta gwaggonni ce, lissafin kuɗi na yayan amarya, maganar rana da hotuna kuma a bar wa mahaifinta.

Gwaggonni ba su yi ƙarya ba, zumunci a ƙafa yake. Duk wadda ƙafa ko mashin zai kai ki gidanta lafiya, ki je da goro da alewa. Matar da ta kwana tana tuƙa tuwo ranar sunan yarinyar nan sallamarki take jira, ba hoton katin da aka tura wa mutum ɗari ba. Waya ta na nesa ce: dangin Gusau, Sakkwato da Legas, da waɗanda rashin tsaro ya mayar Anka ko Gummi. Su ma ki kira su, ko ki aika saƙon murya ki ambaci sunan kowa. Wadda ba ta yi boko ba za ta gane muryarki, kuma ba za ta ce an raina ta ba.

A batun kuɗi ɗanki yana da hujja, amma ki tuna masa shekaru biyu. A farkon 2023, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya takardun naira 200, 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta ɓace a hannun mutane. Zamfara na cikin jihohi ukun da suka fara kai ƙara, tare da Kaduna da Kogi, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin. Wancan lokaci mai asusu a waya ne ya sha. Amma a Satumban 2021, da aka katse layukan waya a duk faɗin jihar, mai kuɗi a waya ya zama kamar mai hatsi a rumbun da ba shi da tsani. Don haka kada kuɗin bikin su taru wuri ɗaya. Manyan sayayya, irin su katifa, kwanuka da buhunan shinkafa, a biya mai shago ta taransifa, ya fi a ɗauko damin kuɗi a bi hanya. Na cefane, itace, niƙa da masu ɗebo ruwa kuwa, a riƙa cira kaɗan-kaɗan wurin mai POS tun da sauran makonni, don ranar da kowa ke nema ita ce ranar da zai ce miki babu sabis ko kuɗinsa sun ƙare.

Ga inda mata suka fi rikicewa. Gudummawar biki ramawa ake yi, kuma da yawa cikin ƙawayenki ba su da asusu. Wurin mai POS za su je su ba shi kuɗi ya tura, sai alat ya shigo da sunansa, ba sunan mai alherin ba. Bayan wata uku ki ga dubu biyar-biyar har sau shida da sunan mutum ɗaya, ki rasa na wace ce. Maganinsa littafi da biro. Duk wadda ta tura ta kira ko ta aiko saƙon murya, a rubuta sunanta, garinta da abin da ta bayar a ranar. Kuma kada a gaskata saƙon alat ko hoton rasit kawai, ana ƙirƙirar na bogi. A buɗe asusun a ga kuɗin sun ƙaru.

Lambar asusu ɗaya tak za a bayar, a faɗi sunan da ke kanta, a kuma sanar cewa ba za ta canza ba. Dalili shi ne 'yan damfara na son guruf ɗin biki. Wani zai kira da ladabi ya ce shi ɗan kwamiti ne, an turo miki lambobi shida, ki karanto masa. Kina karantawa ya ƙwace WhatsApp ɗinki, ya bi danginki da sunanki yana ba su wata lambar asusun. Lambobin nan shida, da lambar sirrin asusu, ko ɗan cikinki ba a karanta wa ta waya. Ɗanki ya kunna muku matakin tsaro na biyu da ke cikin WhatsApp, kuma shi kaɗai zai riƙa sa mutane a guruf ɗin, waɗanda ya sani ido da ido.

Tsoron mahaifinta shi ne mafi nauyi. Ba don komai aka katse layuka a 2021 ba sai don hana 'yan bindiga jin labari daga masu kai musu rahoto. Kati mai ɗauke da rana, lokaci da ƙofar gida, in ya hau Facebook ko sitatus, ba ki da iko da wanda zai gani. Haka hoton akwatunan lefe a buɗe, ko jerin sunayen masu gudummawa da adadin kuɗinsu: wannan faɗa wa duniya ne abin da ke cikin ɗakinki. Ranar kai amarya, hanyar da za a bi da yawan motoci su tsaya tsakanin waliyyai da direbobi. Baƙin nesa su shigo da rana tsaka, su kwana in ta kama. Wanda hanya ba ta yi masa ba, a karɓi uzurinsa da addu'arsa.

Bidiyo ba laifi ba ne, lokacin sakinsa ne abin dubawa. A ɗauka, a ajiye, sai amarya ta tare baƙi sun koma gida a tura wa dangi kai tsaye. Sabis ɗin ƙauye ma ba zai ɗauki kiran bidiyo mai tsawo ba, gara gajere da za a tura daga baya. Wurin kamu da wuni, mace ɗaya amintacciya ta riƙe wayar, kuma a tambayi matan aure kafin a ɗauke su. Amarya da ango su fara gani, abin da ba su so a goge.

In an watse, ki ɗauki littafin nan ki bi shi layi-layi wurin ban gajiya: na kusa da ƙafa, na nesa da kira. Ki adana shi da kyau, don ranar da bikin ɗiyar wata ya taso, shi za ki buɗe ki san abin da ke kanki. Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya ɗayyiba.