HAYAR KAYAN AIKIN OFIS TA INTANET: DARASI GA MA'AIKATA DA ƊALIBAI

Gabatarwa

Jama'a, duk wanda ya yi aikin ofis a ƙasar nan shekaru 40 da suka wuce ya san kayan aikin akawu: tafireta, da takardar kabon, da babban littafin lissafi, da kabad na ƙarfe inda ake jera fayil-fayil. In an gama buga wasiƙa sai masinja ya hau keke ya kai ta. Kayan nan duka saye ake yi, in kuwa an saya sun zama na ofis har su tsufa.

Yau kwamfuta ta gaji waɗannan ayyuka. Ana rubutu da manhajar Word, ana lissafi da Excel, ana shirya bayanin da za a haska a taro da PowerPoint. Bayan haka kuma wani canji ya zo wanda mutane da yawa ba su lura da shi ba, watau kamfanonin da ke yin waɗannan manhajoji sun fi son su ba da su haya ta intanet, a riƙa biya wata-wata ko shekara-shekara. Maƙasudin wannan darasi shi ne a bayyana yadda hayar take, da amfaninta, da kuma yadda mutum zai tsare takardunsa kada su salwanta.

1. Mene ne "gajimare"?

Masu wannan sana'a sukan ce takarda tana cikin gajimare. Kada sunan ya ruɗe ka, ba a sararin sama take ba. Abin da ake nufi shi ne waɗansu manyan gidaje cike da kwamfutoci masu aiki dare da rana, waɗanda kamfani ya gina a ƙasashe dabam-dabam. Kamfanin Microsoft, alal misali, ya buɗe irin waɗannan gidaje a biranen Johannesburg da Cape Town na Afirka ta Kudu a shekarar 2019. In ka rubuta takarda ka adana ta a gajimare, sai ta bi layin intanet ta je ta zauna a ɗaya daga cikin irin gidajen nan. Duk inda ka je, ko da waya ce a hannunka ko kwamfutar aro, in ka shigar da sunanka da kalmarka ta sirri sai takardar ta buɗe maka.

Abin ya yi kama da ajiyar kuɗi a banki. Kuɗin naka ne, amma ba a ƙarƙashin matashinka suke ba, kuma sai ka nuna shaida kafin a ba ka.

2. Bambancin saye da haya

A dā mutum yakan sayi manhajar ofis a faifai sau ɗaya, ya sa ta a kwamfuta guda, shi ke nan. A shekarar 2006 kamfanin Google ya fito da Google Docs, wanda ake rubutu da shi kai tsaye a intanet. A watan Yuni na 2011 Microsoft ya fito da nasa tsarin haya mai suna Office 365, wanda aka sāke wa yawancin sassansa suna zuwa Microsoft 365 daga 2020. A 2020 ɗin ne kuma Google ya raɗa wa nasa tsarin na ofisoshi suna Google Workspace.

Mai haya yana samun abubuwa uku. Na farko, manhajojin kansu, waɗanda kamfani ke sabuntawa yana toshe kafofin da ɓarayin intanet ke bi. Na biyu, rumbun ajiya. Wanda ya buɗe asusu na kyauta a Microsoft yana samun gigabait 5, a Google kuwa gigabait 15, alhali mai biyan hayar Microsoft 365 ta mutum ɗaya yana samun kimanin gigabait 1,000. Akwai kuma hayar iyali wadda mutum 6 za su iya tarayya a cikinta, kowa da nasa rumbu. Na uku, damar mutane da yawa su yi aiki a kan takarda ɗaya a lokaci ɗaya.

Saye bai ƙare ba, domin a watan Oktoba na 2024 Microsoft ya fitar da Office 2024 wanda ake biya sau ɗaya. Sai dai shi ma yana da wa'adi. Office 2016 da Office 2019, waɗanda ke cikin kwamfutoci masu yawa a ofisoshinmu, kamfanin ya daina yi musu gyara tun ranar 14 ga Oktoba, 2025. Suna aiki har yanzu, amma kamar gida ne da aka daina yi wa yaɓe.

3. Misali daga Gadau

Bari mu ɗauki misali daga gida. A garin Gadau na Ƙaramar Hukumar Itas/Gadau, kusa da Azare a ƙasar Katagum, akwai mazaunin jami'ar Jihar Bauchi, wadda aka kafa a zamanin Gwamna Isa Yuguda, yanzu kuma ake kiranta da sunan Malam Sa'adu Zungur. Jami'ar ba a wuri ɗaya take ba, tana da rassa a Misau da cikin garin Bauchi. Daga Bauchi zuwa Gadau kuwa tafiyar sa'o'i ce a mota.

To, a ce malamai uku, ɗaya a Gadau, ɗaya a Misau, ɗaya a Bauchi, an ɗora musu rubuta rahoto guda. A tsohon tsari kowa zai rubuta nasa, a aika da direba, ko a riƙa tura kwafi ta imel har a rasa wanne ne na ƙarshe. A tsarin gajimare takarda ɗaya ce tak. Kowa ya buɗe ta daga inda yake, abin da na Misau ya gyara nan take na Gadau zai gani, kuma manhajar tana riƙe da tarihin gyare-gyare, ta yadda in an yi kuskure ana iya komawa ga yadda takardar take jiya ko shekaranjiya.

Wannan ba ƙaramin amfani ba ne a ƙasar da hanya kan yanke. A damunar 2024 ambaliya ta karya babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a yankin Katagum, motoci suka koma zagaye. Takardar da ke jakar direba dole ta jira hanya, wadda ke gajimare kuwa ba ruwanta da gada.

Haka nan ɗalibin da ke rubuta kundinsa na kammala karatu. In kwamfutarsa ta lalace, ko aka sace ta a mota, ko ruwa ya shiga ɗakinsa, wahalar shekara guda ba ta tafi ba muddin ya adana aikin a gajimare. Kamfanonin nan biyu suna da tsari na kyauta ga makarantun da suka yi rajista da su, saboda haka ya kamata ɗalibi ya tambayi ofishin kwamfuta na makarantarsa kafin ya kashe kuɗinsa.

4. In babu wuta, ko babu layi fa?

Wannan tambaya ce mai nauyi, ba kuwa za mu ɓoye gaskiya ba. Gajimare ya dogara ga abu biyu, wutar lantarki da layin intanet, kuma duka biyun sukan yanke. Ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin intanet guda huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma. Bankuna da ofisoshi a Nijeriya da maƙwabtanta suka shiga wahala, har Microsoft ya sanar cewa matsalar ta shafi ayyukansa. A watan Oktoba na 2024 ɗin kuma yawancin jihohin Arewa, har da Bauchi, suka kwashe kwanaki a cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta.

Maganin abin shi ne a shirya tun da wuri, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya biya hayar da ta haɗa da sa manhaja a cikin kwamfuta yana iya aiki ba tare da intanet ba, in layi ya dawo sai gyare-gyarensa su hau gajimare da kansu. Abin da ake bukata shi ne kwamfutar ta hau intanet aƙalla sau ɗaya cikin kamar kwana 30, don kamfani ya tabbatar hayar tana nan. Takardun da ake bukata kullum kuwa, a umarci manhajar ta ajiye kwafinsu a cikin kwamfutar. Google Docs ma yana da irin wannan dama, amma sai an kunna ta tun layi yana nan.

5. Ranar da haya ta ƙare

Nan ne mutane suka fi yin asara. Mai shagon haya a kasuwar Azare ya san cewa kayan da ke ciki nasa ne, amma shagon ba nasa ba ne. In ya daina biya, wata rana zai tarar da kwaɗo a ƙofa. Haka hayar manhaja take.

In kuɗin haya ya ƙare ba a sabunta ba, Word da Excel da ke cikin kwamfuta sukan koma na kallo kawai, a buɗe takarda a karanta ko a buga ta, amma ba a iya gyara ta. Rumbun ajiya kuma ya koma ɗan ƙaramin nan na kyauta. In kayanka sun fi ƙarfinsa, ba za ka iya ƙara kome ba, in kuma ka yi sakaci na dogon lokaci kamfani yana da ikon share su. Ofisoshi da kamfanoni ma wa'adin 'yan watanni ake ba su su kwashe takardunsu.

Ɗalibi ya ƙara lura da wannan: asusun da makaranta ta buɗe masa na makaranta ne. In ya gama karatu ana iya rufe shi. Haka ma'aikacin da ya yi ritaya ko aka yi masa canjin wurin aiki. Saboda haka kafin ka bar wuri, kwashe abin da yake naka, ka miƙa na ofis ga wanda ya gaje ka.

A tuna kuma cewa kamfanonin nan na waje ne, farashinsu yana bin dala. Tun da aka saki kasuwar canji a watan Yuni na 2023 darajar Naira ta faɗi ƙwarai, kuɗin irin wannan haya ya yi nauyi a aljihu. Shugaban ofis ya sa kuɗin a cikin kasafin kowace shekara kamar kuɗin wuta da ruwa. Wanda ba shi da hali kuma kada ya sayi manhajar sata a bakin kasuwa, gama araha ba ta ado: saɓa dokar haƙƙin mallaka ne, sau da yawa kuma da ƙwayar cutar kwamfuta take zuwa. Akwai LibreOffice, manhajar ofis ta halal wadda kyauta ce ga kowa, tana kuma buɗe takardun Word da Excel.

6. Makullin rumbu

Kalmar sirri ita ce makullinka. Wanda ya same ta ya sami dukan takardunka ko da yana wata ƙasa. Kada ka yi ta da sunan ɗanka ko shekarar haihuwarka. Kada ka ba mai shagon buga takardu ita don ya buɗe maka, kai ka shigar da hannunka, in ka gama kuma ka fita daga asusun kafin ka tashi. Ka kunna tsarin tabbaci na biyu, wanda ke neman wata lamba daga wayarka duk lokacin da aka yi ƙoƙarin shiga daga baƙuwar na'ura. In saƙo ya zo yana cewa za a rufe asusunka yau sai ka aiko da kalmar sirri, to, na 'yan damfara ne, kamfani ba ya tambayar wannan.

In an share takarda bisa kuskure, kada hankali ya tashi. Takan zauna a kwandon shara na rumbun Microsoft har kwana 30 ga asusun mutum ɗaya, ko kwana 93 ga asusun ofis da makaranta, ana iya maido da ita cikin wannan lokaci.

7. Takardun hukuma da sirrin jama'a

Gwamnatin Tarayya ba ta ƙi gajimare ba. Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Ƙasa, watau NITDA, wadda aka kafa a 2001, ta fitar da manufar ƙasa a kan amfani da gajimare a 2019, inda ta ƙarfafa wa ma'aikatu su fara duba wannan hanya kafin su sayi manyan kwamfutoci na kansu. Tun 2006 kuma gwamnati tana da kamfaninta, Galaxy Backbone, mai gidajen ajiyar bayanai a cikin ƙasa.

Amma akwai iyaka. A watan Yuni na 2023 aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, aka kuma kafa hukumar da ke kula da ita. Sakamakon jarrabawar ɗalibai, da fayil ɗin majinyata a asibiti, da jerin albashin ma'aikata, duk amana ce. Ba daidai ba ne ma'aikaci ya zuba su a asusunsa na kansa don sauƙi, ko ya raba hanyar buɗe su ga duk wanda ya ga dama. Aikin hukuma sai a asusun da hukuma ta amince da shi, kuma a ba kowa izinin abin da ya shafi aikinsa kaɗai.

Ƙa'idoji biyar da za a riƙe

1. Ka rubuta ranar da hayarka za ta ƙare, ka sabunta kafin ta zo.
2. Kowace takarda mai muhimmanci ta zama tana wuri biyu, ɗaya a gajimare, ɗaya a hannunka.
3. Kalmar sirri taka ce kai kaɗai.
4. Kada ka gauraya takardun ofis da na gida.
5. Kafin ka bar makaranta ko wurin aiki, kwashe naka, ka miƙa nasu.

Tambayoyi don tattaunawa

Shugabannin ofisoshi da malamai su karanta wannan darasi tare da waɗanda ke ƙarƙashinsu, sa'an nan su amsa waɗannan:

(a) A ina takardun ofishinku suke a yau, kuma wa ke riƙe da makullinsu?
(b) In wannan mutum ya yi tafiya ko ya bar aiki gobe, yaya za a buɗe su?
(c) In layin intanet ya yanke mako guda, waɗanne takardu ne aiki ba zai yiwu ba sai da su?

Duk ofishin da ya kasa amsa ɗaya daga cikin tambayoyin nan, to, ya san inda zai fara gyara. Wanda ya karanta kuma ya bayyana wa wanda bai samu ba. Allah ya sa mu amfana, amin.