Soke, Ɗage da Dakatar: Nazarin Aikatau Uku a Harkar Jiragen Sama

'Yan'uwana ɗalibai, wannan ɗan rubutu zai yi tsokaci ne a kan wasu aikatau uku da muke ji a labaran rediyo duk lokacin da ake maganar jiragen sama, wato soke da ɗage da dakatar. A wajen fassara mukan ɗauke su kamar 'yan gida ɗaya, mu sa wanda ya fara zuwa baki. Amma ga fasinjan da ya riga ya biya kuɗin tikiti, kowanne da abin da yake jawo masa.

Ni ba Bahaushe ba ne. A Agege na tashi, kuma a bakin 'yan goro da mahautan Oko-Oba na fara jin Hausa. Unguwar tana kusa da filin jirgin sama na Murtala Muhammed da ke Ikeja, don haka tafiya Kano ko Umara ta jirgi ba baƙon abu ba ce ga 'yan kasuwar wurin. Saƙon kamfani kuwa da Turanci yake shigowa waya, sai a miƙa wa ɗan makaranta a ce, "Malam, duba mini abin da suka ce." Kalmar da ɗan makarantar ya zaɓa ita za ta sa Alhaji ya nemi kuɗinsa ko ya zauna jira.

Ginin kalmomin

A tsarin giredin aikatau da F. W. Parsons ya fito da shi a 1960, soke da ɗage duka 'yan giredi na 4 ne, masu ƙarewa da wasalin -e, waɗanda sukan nuna aikin ya kai iyakarsa. Soke daga soka yake, ɗage kuma daga ɗaga. Idan an soke tafiya, babu ita ke nan. Idan an ɗage ta, tana nan, an dai ɗauke ta daga wani lokaci an kai ta gaba. Dakatar kuwa ɗan giredi na 5 ne, daga dakata, wato sa wani abu ya tsaya, kuma yana tafiya da "da" kafin karɓau: an dakatar da zirga-zirga. Wannan shi ne mafi wahala ga matafiyi, domin ba ya faɗin ranar dawowa. Alal misali, kamfanin Emirates ya dakatar da zuwa Nijeriya a ƙarshen 2022 saboda kuɗaɗensa da suka maƙale a ƙasar, bai dawo Legas ba sai ranar 1 ga Oktoba, 2024. Wanda aka ce wa "an ɗage" a wancan lokaci da ya yi jiran kusan shekara biyu.

Tikiti daban, izini daban

Kamfanonin da ake kira na araha, irin su Green Africa da ya fara aiki daga Legas a 2021, ko flynas na Saudiyya da ke cikin masu jigilar alhazanmu, suna rage farashi ne ta hanyar cika kujeru da cajin kaya daban. Ribar kowace kujera kaɗan ce, shi ya sa irin waɗannan kamfanoni ba su jure hanyar da ba ta kawo fasinja. Amma idan hanyar ta ƙetare iyakar ƙasa, akwai abin da ya fi ciniki ƙarfi. Bisa yarjejeniyar Chicago ta 1944, kowace ƙasa ita ce mai iko da sararin samaniyarta. Sai ƙasashe biyu sun ƙulla yarjejeniyar sufurin sama, kowace ta ambaci kamfanoninta, sannan hukumar ɗaya ƙasar ta ba da izini, filin jirgi kuma ya ba da gurbin sauka. Sayar da tikiti ba ya nufin an kammala duk waɗannan.

Abin da ya faru a Disamba 2021 ya isa misali. Kamfanin Air Peace ya nemi gurbin sauka uku a mako a Sharjah ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, aka ba shi ɗaya. Nijeriya ta rama, ta rage sawun Emirates daga 21 a mako zuwa ɗaya tak, kamfanin kuma ya dakatar da zuwa. Gwamnatoci biyu ke jayayya, amma ɗan kasuwar da ya shirya sarin kaya a Dubai shi ya kwana a ciki.

A lura kuma da karɓau, domin ba kullum tafiya ake sokewa ba. A Nuwamba 2023 jirgin Air Peace ya kai fasinjoji 264 daga Legas da Kano zuwa Jidda. Jirgi ya sauka lafiya, amma hukumomin Saudiyya suka soke bizar fasinjojin, a ƙarshe aka komo da 177 daga cikinsu. Mai fassarar da ya ce "an soke jirgin" a nan ya ba da labarin da bai faru ba.

Mayar da kuɗi ba diyya ba ne

Nan ne na fi ganin ana cakuɗawa, har a gidajen rediyo. Mayar da kuɗi shi ne a dawo wa mutum da abin da ya biya. Diyya kuwa, kalmar da muka aro daga Larabci, ƙari ce a kan haka saboda wahalar da aka ja masa. Kashi na 19 na dokokin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya, wato NCAA, ya raba su. Idan kamfani ya soke tafiya, fasinja yana da zaɓi: a ba shi wani jirgi ko a mayar masa da kuɗinsa, nan take in da tsabar kuɗi ya saya, ko cikin kwana 14 in ta banki ko intanet ne. Diyya kuma kashi 25 cikin ɗari ce na kuɗin tikiti a tafiyar cikin gida, kashi 30 a ta ƙasashen waje, sai dai in an sanar da shi da wuri: awa 24 kafin tashi a cikin gida, kwana 7 a ta waje. Idan aka kwatanta da Tarayyar Turai, inda dokar 2004 ta sa diyya daga Yuro 250 zuwa 600, a ganina tamu ba ta taka kara ta karya ba, musamman ga mai tikitin araha, tunda kashi ɗaya bisa huɗu na kuɗi kaɗan shi ma kaɗan ne.

Diyya tana faɗuwa idan dalilin ya fi ƙarfin kamfani, kamar hazon hunturu da kan hana jirgi sauka a Kano. Kuɗin tikiti kuwa ba ya faɗuwa. Don haka in saƙo ya ce ba za a biya diyya ba, kada mu fassara wa Alhaji cewa "kuɗinka sun tafi". Mu ce, "Ba za su ƙara maka komai ba, amma naka za su dawo." In suka ƙi, NCAA tana da jami'an kare haƙƙin fasinja a filayen jirgi, akwai kuma hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, wadda dokar 2018 ta kafa. A gaya masa ya ajiye tikitin da rasit, kuma kada ya goge saƙon daga wayarsa.