Darasi Domin Masu Rubuta Labari: Saduwa Bayan An Daɗe

A nan Wudil ba mu rasa ganin saduwa. Kowace Jumma'a, sa'anda kasuwar shanu ta cika, sai ka iske mutum biyu bakin gada suna tafawa, ɗaya yana cewa, "Kai ne kuwa?" Lokacin Kirsimati ma haka, 'ya'yanmu da ke Kano da Jos da Ikko sukan zo gida. Shi ya sa labarun da samarinmu ke ƙagawa suna kawo mana mu duba, yawancinsu a kan wannan suke: wani ya tafi, ya daɗe, ya komo wani mutum dabam. Amma cuta ɗaya ke damunsu. Mai rubutu yakan ce, "Ya zama mai girmankai," ko kuwa, "Yanzu ya natsu," shi ke nan ya wuce. Mu masu karatu an gaya mana ne kawai, ba mu gani da idonmu ba. Waɗansu kuma sukan ba mutumin mota da tumbi da babbar riga, su ce sun gama aiki.

Bari mu buɗe Farawa, sura 37 zuwa 45. Yusufu yana da shekara 17 sa'anda aka sayar da shi, yana da 30 sa'anda ya tsaya gaban Fir'auna. A ƙara shekara 7 na ƙoshi da 2 na yunwa, shekara 22 ke nan kamin ya bayyana kansa ga 'yan'uwansa. Ya sami tufafin Masar da sunan Masar, yana magana ta bakin tafinta, har ba su gane shi ba. Amma a ganinmu wanda halinsa ya juya ƙwarai Yahuda ne, ko da shi ke ba inda mai labarin ya tsaya ya faɗa mana haka. A sura 37 shi ne ya ba da shawara a sayar da ɗan Rahila ga Isma'ilawa, aka karɓi azurfa 20. A sura 44 ga wani ɗan Rahila, Biliyaminu, za a riƙe shi bawa saboda ƙoƙon azurfa da aka iske cikin buhunsa. An ba sauran hanya su tafi gida lafiya su bar shi, tsohon kuwa yana can Kan'ana yana jira kamar dā. Komi ya komo yadda yake a fari. Sai Yahuda ya matso, ya roƙa a riƙe shi maimakon yaron.

Dabarar ke nan, 'yan'uwa: a sa mutum cikin gwaji iri ɗaya sau biyu, a bar aikinsa ya yi shaida. Domin wannan tilas ne a rubuta rabuwa da kyau tukuna, kamin saduwa. Dillalin kara ba ya iya yabon mai kiwo sai in ya ga yadda aka sayi san da rama.

Kada kuma a manta, shekaru ba mutum ɗaya suke taɓawa ba. Cikin Shaihu Umar, wanda Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta aka buga a 1934, yaron da aka sace ya zama babban malami, uwar da ta fita nemansa ta faɗa cikin bauta. Da suka sadu wahala ta riga ta cinye ta, ba ta daɗe ba ta rasu. Gari ma yakan tsufa ko ya yi girma. Wanda ya bar Wudil a 1995 ya komo yau zai iske jami'a, wadda aka kafa a 2001, da ɗalibai cike da hanya. Duk da haka a bar wa mutumin abu ɗaya na dā, ko irin dariyarsa, ko yadda yake karkata hula, domin uwarsa ta sami abin gane shi.

Aikin wannan wata: ku rubuta shafi biyu. A na fari, wa da ƙane sun sayar da san gado a kara, sun yi faɗa wajen rabon kuɗi. A na biyu, bayan shekara 10, sun haɗu wurin jana'izar gwaggonsu, ga wata 'yar gona da za a raba. Kada kalmar "ya sāke" ko "ya tuba" ta fito ko sau ɗaya. Ku karanta wa juna bayan sujadar Lahadi da yamma, ku tambayi masu ji wane ne cikinsu ya juya.