KOMOWAR ƘARFI BAYAN KARAYA

Lafiya uwar jiki. Amma mutum ba ya sanin darajar ƙafarsa sai ran da ta ƙi ɗaukarsa.

Kai magidanci wanda ya ba shekara 40 baya, ka lura da wannan. In babban mutum ya karye, ƙashinsa yakan yi mako 6 zuwa 12 kafin ya haɗu. Ran da aka kwance ɗaurin, sai ya ga ƙafar ta rame, gwiwa kuma ta sage. Kada ya tsorata. Tsoka kamar fartanya take: aiki ke sa ta ƙyalli, ajiya ke sa ta tsatsa. Ga shi kuwa tsokar dattijo tana raguwa da shekaru, ko ba ciwo.

A nan ne mutane da yawa suke kuskure. Wani ya ce, "Bari in kwanta har in warke sarai." Sai ƙafar ta ƙara mutuwa, ya koma yin salla a zaune. Wani kuma ya yi gaggawa, ya saɓi garma ya nufi gona. Sai ciwo ya komo, damina ta wuce shi, rumbu ya kwana wofi. Dukansu biyu sun yi hasara.

Akwai ma'aikaci wanda wannan ne aikinsa, watau likitan gashin ƙashi. Ana samunsa a manyan asibitoci, kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Aikinsa ba gashi kaɗai ba ne. Shi zai auna ƙarfinka, sa'an nan ya yanka maka motsin da ya dace da kai. Ga irin abin da yakan koyar:

1. Ka miƙe ƙafa bisa tabarma, ka ɗaure tsokar cinya, ka ƙidaya biyar, ka saki.

2. Ka kwanta rigingine, ka ɗaga ƙafar a miƙe kamar taƙi ɗaya, ka sauke ta a hankali.

3. In an yarda maka ka taka, ka tashi daga kujera ka koma, ba tare da dafa kome ba.

Kowanne akan yi shi kamar sau 10, a huta, a sake. In ya zama da sauƙi, sai ya ƙara maka nauyi kaɗan, kamar 'yar jakar yashi a idon sawu. Sannu ba ta hana zuwa.

Gajiyar tsoka ba laifi ba ce. Amma in ka ji zafi mai suka, ko kumburi ya kwana bai saɓe ba, ka dakata ka gaya masa. In kuwa ɗambubu ya kumbura ya yi zafi, ko numfashi ya sarƙe, maza a kai ka asibiti, don mai yiwuwa jini ne ya daskare a jijiya.

Ko ka warke, kada ka bari. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi, kowane baligi ya riƙa aikin ƙarfafa tsoka kwana 2 a mako, ko fiye. Wanda ya kiyaye wannan, in Allah ya so, zai daɗe yana noma gonarsa, yana sujada da ƙafafunsa.

TAMBAYOYI

1. Me ya sa ƙafa take ramewa cikin ɗauri?

2. Waɗanne kurakurai biyu mutane suke yi?

3. Wace alama ce za ta sa a garzaya asibiti?